Bargon jinjiri da ƙyallayen tela

Kowa ya san sanyin Maraɗi. Daga watan Disamba zuwa Fabrairu iskar hunturu takan taso da ƙura da hazo. Da rana mutum yana iya yin zufa, amma da asuba sai ka ga manya sun kewaye wuta suna rawar ɗari. Mutanen Jiratawa masu sammakon ban ruwa a garake sun san wannan. Mutanen Tibiri da ke kusa da gulbi su ma sun sani. Sanyin fadama ya fi na tudu.

To, in babba ya ji ɗari haka, ina ga jinjiri ɗan kwana uku?

Jinjiri ba shi da kitse da yawa. Kansa babba ne in an gwada da jikinsa, kuma ta nan ɗumin jiki yake saurin fita. Ba ya rawar ɗari kamar babba, ba ya kuma iya faɗi. Sai dai uwa ta taɓa ƙafafunsa ta ji sun yi sanyi, ko ta ga ya yi laushi ya ƙi kama nono. Bakwaini da wanda aka haifa ƙarami sun fi shiga haɗari, don sanyi yana iya kashe su. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a tsane jinjiri da zarar ya faɗo, a ɗora shi a ƙirjin uwarsa, a rufe su tare, a sa masa hula, a kuma jinkirta wankan farko har a yi awa 24.

Bayan wannan, yaro yana bukatar abin naɗewa nasa na kansa. Bargon manya ya yi masa nauyi. Zane ɗaya kuma ya yi shara-shara. Ana sayar da bargon yara a kasuwa, amma ba kowa ke da kuɗinsa ba. Manyanmu suna tuna watan Janairu na 1994, lokacin da aka karya darajar sefa, ta koma rabi a gaban kuɗin Faransa. Kayan waje suka yi tsada, har da tufafi. Mace mai dabara ba ta jiran kasuwa ta yi sauƙi. Tana iya ɗinka bargo da hannunta, da ƙyallayen da tela yake sharewa.

Haɗa ƙananan ƙyallaye su zama babban mayafi ba baƙon abu ba ne gare mu. Masaƙanmu na da siri-siri suke saƙa, sannan a jera a ɗinke, ya zama gwado ko luru. A wasu ƙasashe ma haka ake yi. A Bangaladash da Indiya mata kan tara tsofaffin zannuwansu, su ɗora wani bisa wani, su ɗinke, su shimfiɗa ma jarirai. A Amurka, a wani ƙauye mai suna Gee's Bend, baƙaƙen mata jikokin bayi sun daɗe suna haɗa bargo da tsofaffin riguna da wanduna, don sanyi da talauci. A 2002 aka baje aikinsu a manyan gidajen adana kayan fasaha, mutane suka zo daga nesa don kallo.

Neman ƙyallaye

Ki fara da ɗakinki. Akwai ragowar atamfa, akwai zanen da gefensa ya yage amma tsakiyarsa na da kyau. Sannan ki je wajen tela. Lokacin da ya fi shi ne gabanin salla, don a nan ɗinki yake yawa, ƙyallaye su taru a gindin keke. Wani tela zai ba ki kyauta, wani sai kin ba shi ɗan wani abu. Wadda take Tibiri ko Jiratawa, in telan unguwa ba shi da isassu, tana iya ba da sautu ga mai zuwa kasuwar Maraɗi ran Litinin ko ran Juma'a.

Ba kowane ƙyalle ne zai yi ba. Ki zaɓi na auduga, mai laushi, mai shan ruwa. Ki bar leshi, ki bar yadi mai santsi irin na roba, ki bar duk abin da aka yi ma ado da duwatsu ko ƙyalƙyali. Ga gwaji mai sauƙi: ki goga ƙyallen a kumatunki. In ya karce ki, zai karce yaro fiye da haka.

Kafin ki sa almakashi, ki wanke su duka da sabulu, ki shanya a rana, ki goge. Kar ki ce ai sababbi ne. Sabon yadi yana da kauri na sitati, yana tsukewa in ya sha ruwa, wani kuma yana zuba. Ni kaina na taɓa yin wannan ganganci. Na haɗa wani jan ƙyalle da farare ban wanke ba. Ranar wankin farko bargon duk ya rine, wani gefe ya tattare. Innata ta ɗaga shi ta duba, ta ce: "Ɗiyata, wannan sai dai a rufe kwando." Aikin sati uku ke nan.

Lissafi kafin yanka

A nan ne karatun da muka yi zai yi mana rana. Ki ɗauko littafinki da fensir.

Muna son bargo mai faɗin santimita 80 da tsawon santimita 100, wato mita ɗaya. Wannan zai ishi yaro tun daga haihuwa har ya fara rarrafe. Za mu haɗa shi da ƙananan gidaje masu kusurwa huɗu. Kowane gida santimita 10 ne ta kowane gefe.

Gida nawa ke shiga a faɗi? 80 a raba 10, ya ba da 8. A tsawo fa? 100 a raba 10, ya ba da 10. Ke nan layi 10 za mu yi, kowane layi da gida 8. Sai mu ce 8 sau 10, ya zama 80. Ƙyalle 80 muke bukata.

Amma a kula, ga inda mutane da yawa suke faɗawa. Ɗinki yana cin yadi. Duk inda aka haɗa ƙyalle biyu, santimita 1 yana shigewa ciki daga kowanensu. Gida yana da dama da hagu, sama da ƙasa. Saboda haka in kina son ya fito 10, sai ki yanka 12. Wadda ta manta ta yanka 10, gidanta zai fito 8. Bargonta zai zama 64 a faɗi, 80 a tsawo. Ki yi lissafin da kanki ki gani. 

Don kar ki yi ta awo sau 80, ki samo kwali mai ƙarfi, irin na sukari ko na sabulu. Ki auna 12 da 12 sau ɗaya, da kyau, ki yanke. In ba ki da abin awo, tela zai auna miki, ko ki ari rula wajen ɗan makaranta. Wannan kwalin shi ne ma'auninki. Ki ɗora shi a bayan ƙyalle, ki zagaye da fensir ko alli, ki yanka bisa layi. Ki daidaita gefen kwalin da yadda zaren yadin ya tafi. In kika yanka a karkace, ƙyallen zai riƙa miƙewa yana ba ki wahala wajen ɗinki.

In sun cika 80, ki shimfiɗa tabarma ki jera su, 8 a faɗi, 10 a tsawo. Ki ja da baya ki duba. Mai duhu kusa da mai haske ya fi kyau a ido, kamar gidan dara. Wasu sun fi son kowane layi da launinsa. Wannan ganin damarki ne. In jerin ya yi miki, ki tattara kowane layi daban, ki maƙala masa ƴar takarda mai lamba, daga 1 zuwa 10. In ba haka ba, yara suka bi ta kan tabarma, kin koma farko.

Ɗinki

Ki ɗauki gida biyu na farko. Ki haɗa su fuska da fuska, bayansu na waje. Ki ɗinke gefe ɗaya, santimita 1 daga baki. Ɗinkin ya zama ƙanana, kusa da kusa. Bayan kowane ɗinki uku ko huɗu ki koma baya sau ɗaya, don in zare ya tsinke kar duka ya warware. Ki buɗe, ki ɗora na uku, ki ci gaba har 8 su cika. Layi ɗaya ya samu.

Mace mai aikin gida tana iya yin layi ɗaya a yini, bayan azahar ko in an gama tuwon dare. Kwana 10, layi 10. Kar ki yi da dare a hasken da bai isa ba, ido ba shi da na canji. In layukan sun kammala, ki haɗa na 1 da na 2, fuska da fuska, ki lura mahaɗar gidaje ta zo daidai da ta ɗan'uwanta. Haka har na 10. Dogon ɗinki 9 ke nan. Sai ki kifa shi ki goge bayan, bakin ɗinkin duk ya kwanta.

Wannan fuskar bargo ce kawai. Saura ciki da baya. A ciki ki sa tsohon zane mai laushi, wankakke, ko tsohon tawul marar kauri. Wasu kan so su cusa auduga. Ni ban ba da wannan shawara ba. Auduga takan dunƙule in an wanke, kuma tana daɗewa ba ta bushe ba, alhali kayan jinjiri kullum cikin wanki suke. A baya, wato shafi, ki sa yadi guda mai laushi ƙwarai, don shi ne zai taɓa fatar yaro. Ki yanka shi 90 da 110, ya ɗan fi fuskar girma.

Ki shimfiɗa shafi a ƙasa, na ciki a bisansa, fuska a sama. Ki lallatsa da hannu har su kwanta sumul. Yanzu ki ɗinke su ukun tare, kina bin layin gidaje. Ki fara daga tsakiya ki nufi baki. In kika fara daga baki, yadi zai taru ya yi tozo a tsakiya. A ƙarshe ki naɗo rarar shafin ta hau bisa fuska, ki lanƙwasa sau biyu, ki yi kalmasa ta kewaye duka.

Mai keken ɗinki za ta gama da wuri. Amma allura da zare sun isa.

Akwai wata magana. A wajenmu mai cikin fari tana jin kunya, ba ta son a gan ta tana shirya kayan abin da bai zo ba. Wasu ma suna ganin bai kamata ba. Babu laifi, ba dole ita za ta yi ba. Kaka tana iya yi, ko gwaggo, ko ƙawa, a ajiye a akwati ba tare da surutu ba. Abin lura shi ne lokaci. In ungozoma ta ce haihuwa za ta faɗo cikin ɗari, a fara tun ana girbin gero. Kar a ce sai ranar suna za a kai. Kwana bakwai na farko su ne yaro ya fi bukatar ɗumi.

Yadda za a yi amfani da shi

Bargon da ke tsare yaro daga sanyi yana iya cutar da shi in an yi sakaci. Kafin ki ba da shi, ki shafa ko'ina da tafin hannu, kar a manta allura a ciki. Ki yanke duk zaren da ya yi tsawo, don yana iya naɗe ɗan yatsa. Kar ki sa maɓalli ko tsakiya don ado, yaro yana iya tsinkewa ya haɗiye.

Bargon ya fi amfani wajen naɗe yaro in ana riƙe da shi, da wajen shimfiɗa masa, da wajen rufa masa a goye in za a je awo da sassafe. In zai yi barci, a kwantar da shi rigingine, wato bisa bayansa, cikin gidan sauro. Mayafi ya tsaya a ƙirji, a cusa gefensa ƙarƙashin shimfiɗa. Kada ya hau fuska ko kaɗan, don jinjiri ba ya iya ture abin da ya toshe masa hanci. Ki riƙa taɓa bayan wuyansa. In kin ji zufa, rufar ta yi yawa, ki rage. Kuma kar a kwana da garwashi a ɗaki a rufe don a ɗumama yaro. Gawayi yana fid da wata iska mai guba wadda ba a gani, ba a jin warinta.

In kuwa jikinsa ya yi sanyi, an rungume shi a ƙirji bai ɗumama ba, ko ya ƙi shan nono, to ba maganar bargo ba ce. A kai shi gidan likita nan da nan, ko da tsakar dare ne.

Tambayoyi

1. Don me ake wanke ƙyallaye kafin a yanka su?
2. Wata tana son bargo mai faɗin 60 da tsawon 90, da gidaje masu santimita 10. Ƙyalle nawa za ta yanka?
3. Kina son gida ya fito santimita 15. Nawa za ki auna a kwali?
4. Ki rubuta abu biyu da ba a yi in jinjiri zai yi barci.