Darasin Kiwon Lafiya: Ƙaiƙayi da Susa

Idan kaka ta yi, mata a ƙauyukan Bichi da Ɗambatta suna sussukar gero, suna shiƙa. Ƙaiƙayin gero yana bin wuya da hannu. Kowa sai susa. To, me ya sa susa take da daɗi, amma ƙaiƙayi ya sake dawowa?

Yadda saƙo yake tafiya

A cikin fata akwai jijiyoyi sirara, sun fi gashi siranta. Idan ƙaiƙayin gero ya taɓa fata, ko sauro ya yi cizo, jijiyoyin nan suna ɗaukar saƙo. Saƙon yana bi ta lakar gadon baya, ya isa ƙwaƙwalwa. Ƙwaƙwalwa ce take sanar da mutum wurin da ake ƙaiƙayi. Ita ce kuma take tura hannu ya sosa.

A da masana suna zaton ƙaiƙayi ƙaramin zafi ne kawai. A shekarar 1997 masana a Jamus suka gano jijiyoyin da suke ɗaukar saƙon ƙaiƙayi. Ashe zafi da hanyarsa, ƙaiƙayi da tasa. Amma hanyoyin biyu suna haɗuwa a laka.

Dalilin daɗin susa

Farce yana ji wa fata ɗan zafi. Saƙon zafi yana tare saƙon ƙaiƙayi a laka, kamar yadda ƙarar ganga take danne muryar mai magana. Sai mutum ya ji sauƙi. Da zafin ya wuce, ƙaiƙayi ya dawo, wani lokaci har ya fi na farko.

Yawan susa yana fasa fata. Ƙwayoyin cuta su shiga, wurin ya yi ruwa. A jikin yara, irin wannan gyambo yana iya jawo ciwon ƙoda.

Abin yi

1. A yi wanka da sabulu bayan sussuka.
2. A ɗora tsumma mai ruwan sanyi a wurin, maimakon susa.
3. A yanke wa yara farce.
4. Ƙaiƙayin dare tsakanin yatsu alamar ƙazuwa ce. A je asibiti. A yi wa duk mutanen gida magani tare. A wanke tufafi da ruwan zafi, a shanya a rana.

Tambayoyi

1. Ta ina saƙon ƙaiƙayi yake bi?
2. Me ya sa susa take kawo sauƙi?
3. Wane lahani yawan susa yake yi wa yara?