Taswirar da ke Cikin Kan Ɓera

'Yan'uwana ɗalibai, kowa ya san ɓera ba ya ɓata hanyar raminsa ko da a cikin duhu. Abin da nake so mu duba shi ne yadda ƙwaƙwalwarsa ke riƙe wannan hanya.

A shekarar 1971 wani masani mai suna John O'Keefe, a birnin Landan, ya gano cewa a wani sashe na ƙwaƙwalwar manyan ɓeraye da ake kira hifokamfas akwai ƙwayoyin da ba sa motsawa sai dabbar ta iso wani wuri takamaimai. Wata ƙwaya ta kusurwa ce, wata ta bakin ƙofa, har su haɗu su zama taswira. Saboda wannan aiki aka ba shi rabin kyautar Nobel a 2014.

To, mutum zai zaci ƙwayar da ta san kusurwa yau ita ce za ta san ta har abada. Ashe ba haka ba ne. A 2013 masana a Jami'ar Stanford ta Amurka suka ɗaura wa ƙananan ɓeraye wani ɗan madubi mai ƙara girman abu a ka, nauyinsa wajen giram 2, kana suka sa wa ƙwayoyin abin da ke sa su ƙyalli in sun motsa. Kwana 45 suna bin su, ɓera na kai da komowa a hanya guda. Da suka gwada rana da rana, sai suka tarar ƙwayoyin da suka maimaita aikin taswira ba su wuce 15 zuwa 25 cikin ɗari ba. Sauran duk sababbin hannu ne, alhali kuwa ɓera bai rikice ba. Waɗanda suka dawo ɗin galibi wurarensu na da suka koma.

Ni dai abin ya fi kama mini da kasuwar ƙauye: masu kasa kaya suna sauyawa mako mako, amma layin 'yan gishiri yana nan inda yake, don akwai 'yan tsofaffin da ba sa tashi.

Har wajen jin wari haka abin yake. A 2021 masana a Jami'ar Columbia suka ga ƙwayoyin da ke amsa wari guda suna sauyawa cikin 'yan makonni. Da aka riƙa shaƙa wa ɓera warin kullum sai sauyin ya rage sauri, da aka daina kuwa ya koma yadda yake.