Tururin da Ido Ba Ya Gani

Jama'ar Birnin Kudu da Gwaram, in aka ambaci nukiliya hankalinmu kan tafi wajen bam ɗin da Amurka ta jefa wa Hiroshima a 1945. To, ku sani asalin abin yana nan kusa da mu, har cikin duwatsun da suka kewaye garuruwanmu, irin su Dutsen Habude da Dutsen Mesa masu zanen mutanen da.

Kowane abu da Allah Ya halitta, ƙasa ne ko ruwa ko jikin mutum, an gina shi da ƙwayoyin zarra. A tsakiyar kowace ƙwaya akwai cibiya. Galibin cibiyoyin nan zaune suke lafiya har abada, amma akwai waɗanda ba su da natsuwa, kamar na yuraniyam. Irin waɗannan sukan farfashe da kansu, suna fitar da wani tururi marar launi, marar wari. Wani Bafaranshe, Henri Becquerel, shi ya fara gano haka a 1896. Tururin iri uku ne. Alfa, fallen takarda ma ya tare shi. Beta, sai farantin alminiyam. Gama kuwa yakan ratsa jiki ya wuce, sai dalma ko kankare mai kauri.

Kowane irin sinadari marar natsuwa da lokacin da rabinsa kan ƙare. Yuraniyam yakan ɗauki shekara wajen biliyan 4.5, iskar radon kuwa ba ta cika kwana 4 ba.

Duwatsun ƙasarmu na ɗauke da ɗan yuraniyam kaɗan ƙwarai, ba kamar na Arlit a Nijar ba, inda aka fara haƙarsa tun 1971. Kaka da kakanni sun zauna a gindinsu lafiya, kada wani ya tayar muku da hankali. Abin lura ɗaya ne. Daga yuraniyam ɗin nan radon ke fitowa, ta biyo ƙasa ta shiga ɗaki, in ba taga sai ta taru. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce bayan taba sigari, tana cikin manyan masu jawo ciwon dajin huhu. Maganin ba shi da wuya: a yi wa ɗaki taga, a riƙa buɗe ta. Masu fasa dutse kuma su rufe hanci saboda ƙura.

Sai batun hoton ƙirji ko na ƙashi a Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu. Wasu na gudunsa wai yana shan jini. Ba haka ba ne. Hasken da ake ɗaukar hoton da shi ɗan'uwan tururin nan ne, amma na'ura ke yin sa da lantarki, ana kashe ta ya ƙare, ba ya kwana a jiki. Mai ciki dai ta faɗa wa ma'aikaci kafin a ɗauka. 

Inda haɗari yake sosai shi ne wajen 'yan gwangwan. A 1987, a garin Goiania na Barazil, wasu masu tsintar ƙarafa suka kwaso kan wata na'ura daga asibitin da aka bar shi kango, suka fasa. Hodar da ke ciki, mai fitar da tururin nan, tana ƙyalli shuɗi da dare, har aka yi ta rarraba wa 'yan uwa don sha'awa. Mutum 4 suka mutu, sama da 200 suka gurɓata.

Saboda haka, duk wanda ya ga ƙarfe mai nauyin da ya wuce girmansa, ɗauke da tambari mai fikafikai uku kamar na fanka a kan ruwan ɗorawa, kada ya taɓa, kada ya fasa, kada ya kai gida. Ya nisanta yara, ya sanar da mai unguwa ko 'yan sanda, su kai maganar ga hukumar kula da harkokin nukiliya ta ƙasa da ke Abuja.