Demas Nwoko: Ɗalibin Zariya Mai Sana'a Huɗu

Da yawa daga cikinmu idan aka ce darasin zane, sai mu ɗauka fensir da takarda ke nan. Labarin wannan mutum zai nuna mana abin ya fi haka faɗi.

An haifi Demas Nwoko a shekarar 1935 a Idumuje-Ugboko, cikin ƙasar da yanzu ake kira Jihar Delta. Ɗan sarki ne. A 1957 ya zo Zariya koyon zane a babbar kwalejin nan wadda daga baya ta zama Jami'ar Ahmadu Bello. Malamansu yawanci Turawa ne, suna koyar da zane irin na Ingila, kamar dai ƙasarmu ba ta da nata. Wannan bai gamshi Nwoko da abokansa ba, su Uche Okeke da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya. A 1958 suka kafa ƙungiyarsu ta ɗalibai. Ba cewa suka yi a watsar da ilmin Bature ba, a'a. Cewa suka yi a koye shi sosai, sa'an nan a gauraya shi da abin da aka gada a gida. Ku tuna fa, ɗalibai ne masu jiran jarrabawa, a hannun malaman da suke yi wa gardama.

Ya gama a 1961, ya tafi Faransa ya koyi shirya dandalin wasan kwaikwayo, ya komo ya koyar a Jami'ar Ibadan. A nan ne abin ya yi armashi. Ya duba mutum-mutumin yumɓu na mutanen da, waɗanda masu haƙar kuza suka tono a Nok, kudancin Kaduna, arewa da mu nan Lafiya. Bai tsaya ga sha'awa ba, sai ya kwaɓa yumɓu da hannunsa, ya yi ta gwada gashi har ya sami irin abin da yake nema. Daga yumɓu kuma sai gini. Ba shi da takardar shaidar magina, amma shi ya tsara majami'ar Dominican ta Ibadan. Yakan gauraya jar ƙasa da siminti kaɗan ya buga tubali, ya kuma bar wa iska hanya, don ɗaki ya yi sanyi ko babu fanka. A ganina, wannan ya fi zanensa amfani gare mu. A 2023 aka ba shi babbar lambar yabo ta masu tsara gini a birnin Venice na Italiya.

To, ga aiki ga masu fita gwajin koyarwa. Kada lokacin aikin hannu ya zama na sharar fili. Ku sa yara su ɗebo yumɓu, kowa ya gina tukunya ƙarama, ya zana ta a takarda, sa'an nan ya tambayo mai ginin tukwane a unguwarsu abin da ke sa wata ta fashe a wuta. Ku kawo amsoshin aji mu duba.