Zakaran ƙeƙuwa a bakin tabkin Madarumfa

Zakaran ƙeƙuwa tsuntsun bakin ruwa ne. Ana ganinsa a tabkin Madarumfa da kuma bakin Gulbin Maradi.

Kansa da ƙirjinsa baƙaƙe ne, kumatunsa farare, bayansa ruwan ƙasa. Ƙafafunsa dogaye ne. A kowane fiffike yana da ƙaya mai tsini, wadda yake faɗa da ita. Abincinsa ƙwari da tsutsotsi.

Ba ya sheƙa bisa itace. Ɗan rami yake tonawa a ƙasa. Nan macen take yin ƙwai 3 ko 4, masu ɗigo-ɗigo kamar tsakuwa. Mace da namiji suna kwanci bi da bi, wajen kwana 24. In aka ƙyanƙyashe, ƴan tsakin ba su daɗewa sai su fara yawo, suna kiwo da kansu.

Haɗarin yana ga ƙwai. Shanu suna taka su wurin shan ruwa. Karnuka suna sha. Yara suna kwashewa.

In tsuntsun ya tashi da kuka yana kewaya mutum, ƙwansa ko ƴaƴansa na kusa. Sai makiyayi ya kauce da dabbobinsa. Manomin rani ya kafa kara, don kada a taka wurin. Iyaye su hana yara ɗauka.

A shekarar 2019 aka sa tabkin Madarumfa cikin jerin wuraren ruwa masu daraja na duniya. Tsaron tsuntsayensa aikin mutanen gari ne.

Tambayoyi
1. Ina zakaran ƙeƙuwa yake ƙwai?
2. Me ya kamata makiyayi ya yi?