Daga Karofi Zuwa Tiransista: Yadda Ƙirar Ƙwayar Shuni Ke Tafiyar da Lantarki

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi alaƙar ƙirar ƙwayar sinadari da aikinta, ta hanyar misali da shuni, tare da nuna cewa kalmomin marina na iya zama tubalin koyar da kimiyya da Hausa.

Gabatarwa

Fuskokin wasu wayoyin da ake sayarwa a Sabon Gari da sinadaran kabon suke haskawa. Irin waɗannan sinadarai kan wuce da lantarki tsaka-tsaki: ba su kai tagulla ba, sun kuma fi roba. Binciken Heeger da MacDiarmid da Shirakawa na 1977 ne ya faɗaɗa wannan fage, har ya kai su ga lambar Nobel a 2000.

Ƙirar Ƙwayar Shuni

Adolf von Baeyer ya fayyace ƙirar shuni a 1883. Ƙwayarsa na ɗauke da kabon 16, haidirojin 10, naitirojin 2 da oksijin 2. Abubuwa uku suka ba ta daraja. Na farko, ɗaurin da ke tsakanin zarra-zarrarta yana karɓa-karɓa, guda sannan biyu, wanda ke ba ilektiron damar yawo. Na biyu, ƙwayar shimfiɗaɗɗiya ce, don haka ƙwayoyin kan hau juna kamar ninkakkun zannuwa, lantarki ya tsallaka daga wannan zuwa waccan. Na uku, ɗaurin haidirojin na riƙe su daram. A 2012, masana a Jami'ar Johannes Kepler ta Ostiriya suka wallafa sakamakon tiransistar da suka ƙera da shuni.

Shaidar Karofi

Marinan Ƙofar Mata sun daɗe da ganin wannan da idonsu. A cikin rijiyar baba da toka, ƙwayar kan karɓi ilektiron biyu, jerin ɗaurinta ya katse, launinta ya koɗe, ta narke a ruwa. Shi ya sa zane kan fito kore-kore, sai ya sha iska ya koma shuɗi. Sauyin ƙira ne ya haifar da sauyin hali.

Kammalawa

Marina na raguwa, kalmominsu kuma na bin su. Ya kamata manazarta Hausa a Samaru su haɗa kai da takwarorinsu na kimiyya, su taskace kalmomi irin su katsi da zarta tun masu su na raye, domin ɗalibi ya fi saurin fahimtar baƙon ilimi idan aka shigar masa da shi ta ƙofar gidansu.