Tsokar da ke Buɗe Ƙofar Numfashi

Duk wanda ya taɓa kallon masu nutso a kogin Matan Fada lokacin bikin kamun kifi na Argungu ya ga yadda mutum ke fitowa daga ruwa ya ja numfashi da ƙarfi. To, ɗalibi, wace aba ce ke buɗe wa iskar hanya a wannan lokaci?

A cikin maƙogwaro akwai tantanin murya guda biyu, masu buɗewa da rufewa kamar ƙyaure. Tsokoki da dama ne ke rufe su idan za a yi magana ko haɗiya ko nutso. Amma tsoka iri ɗaya tak ce ke buɗe su, ɗaya a dama, ɗaya a hagu. Likitoci na kiranta kirikoaritinoyid ta baya.

Tushenta yana bayan wani guringuntsi mai siffar zobe da ke ƙarƙashin zakaran wuya. Daga nan take hawa ta kama wani ƙaramin guringuntsi wanda ƙarshen tantanin murya ke manne da shi. Idan ta tsuke, sai ta juya ƙaramin guringuntsin waje, tantanin ya ja gefe, iska ta wuce zuwa huhu. Haka take yi duk lokacin da muka ja numfashi, ko muna barci.

Jijiyar da ke ba ta umarni reshe ce ta jijiya ta 10 daga ƙwaƙwalwa. Sai ta gangara cikin ƙirji, sannan ta juyo sama ta bi ta bayan ƙullin da kan kumbura ya zama maƙoƙo. Tun ƙarni na 2 likita Galen ya nuna a birnin Rum cewa idan aka yanke jijiyoyin nan a wuyan alade, kukansa na ɗaukewa.

Shi ya sa likita ke kaffa-kaffa wajen fiɗar maƙoƙo. Jijiya ɗaya ta lalace, murya ta dushe. Biyun suka lalace, ƙofar ta kasa buɗewa, har sai an huda wuya an sa bututu. Saboda haka a riƙa amfani da gishiri mai aidin, kuma dushewar murya da ta ɗauki makonni, a kai ta asibiti.

Gwaji: ɗora yatsa a zakaran wuya, ka furta "aaa", sannan ka ja numfashi. Me ya sa karkarwar ta tsaya?